Tumatirin Inna

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe in yi muku hira a kan tumatir. Na san wasunku za su ce to me kuma ya haɗa marubuciya da kayan miya, ku dai biyo ni a sannu, don maganar ta wuce ta tukunya.

A bayan ɗakina, tsakanin katanga da bakin rijiya, akwai wani ɗan fili da tsawonsa bai fi taku shida ba. A nan nake shuka wani tumatir da mu a gidanmu ba mu san shi da wani suna ba sai "na Inna". Inna kakata ce ta wajen uwa, mutuniyar wani ƙauye a ƙasar Bichi, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ita ma a wurin uwar mijinta ta same shi tun tana amarya, ta riƙe shi shekara da shekaru a bayan danga, ta ba Mama, ita kuma Mama ta ƙulle min shi a tsumma, an cakuɗa shi da toka, ta cusa a cikin kayan garata. Ƙawayena da suka gani har dariya suka yi, wai ana kai wa amare buhun shinkafa da man gyaɗa, ni an haɗo min da toka.

Mai karatu, in ka ga tumatirin nan a faifai ba za ka ce kyakkyawa ne ba. Shimfiɗaɗɗe ne mai tsage-tsage kamar 'yar ƙaramar kabewa, wani ya karkace, wani ya yi kai biyu, kuma ko ya nuna jajir sai ka tarar kafaɗarsa kore. Ɓawonsa ba kauri, farce ya taɓa shi sai ya fashe. Amma fa ka yanka shi ka ji! Ƙamshinsa kaɗai sai ya fito da maƙwabciya daga ɗaki. Ga tsami-tsami ga zaƙi a ƙarƙashi, in ka jefa guda biyar a miyar taushe ko dunƙule ba ka sa ba za a tambaye ka me ka ƙara yau.

Ba za ka same shi a 'Yankaba ba, dalili kuwa a fili yake. Tumatirin da ake nomawa a Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ratsawa, ana zuba shi ne a kwanduna, a loda a manyan motoci daga Kwanar Gafan, a nufi kasuwar Mile 12 ta Legas da shi, tafiyar kilomita kusan 1,000, kwando a kan kwando, ga rana ga ramuka. Wannan tafiya sai mai taurin fata irin su Roma da UTC. Shi UTC ɗin ma masana UC82 suke kiransa, a wata jami'a ta Kalifoniya a Amurka aka samar da shi, kuma tun asali don inji ya girbe shi a kai kamfani aka yi shi. Na Inna kuwa ko Zariya ba zai kai ba zai zama ruwa. Kwana biyu yake yi bayan an tsinke shi, na uku sai dai kaji.

Abin mamaki, shi tumatir ɗin kansa baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka yake, mutanen Meziko suka mayar da shi abin shukawa, 'yan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya ya iso mana. Ko sunansa ma aro ne. Abin da ya mayar da na Inna ɗan gida shi ne hannayen matan da duk shekara suke zaɓar wanda ya fi daɗi, wanda ya fi jure zafinmu, su cire irinsa su adana. Turawa ma suna da irin wannan, suna kiransa da kalmar da ke nufin kayan gado, kamar yadda mu za mu ce tasar kaka. A Amurka har ƙungiya suka kafa a 1975 mai suna Seed Savers Exchange, aikinta ke nan tara tsofaffin iri da musayarsu tsakanin mutane don kada su ɓace.

Yanzu kuma ga irin zamani da ake sayarwa a leda da gwangwani, wanda ake kira haibirid. Ba na kushe shi, yana zuba 'ya'ya ƙwarai da gaske, manya-manya kai ɗaya. Sai dai in ka cire irinsa ka shuka baɗi, abin da zai fito ba zai yi kama da ubansa ba, wani dogo wani gajere, wani ba daɗi, dole ka koma shago ka sake saye. Na Inna kuwa furensa shi yake yi wa kansa barbara, don haka abin da ka shuka shi za ka girba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Aikinsa ba wuya sai dai naci. Ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke nake yayyafa irin a wata tsohuwar roba da ta fashe, cikin mako guda sai ka ga sun leƙo. In sun yi kamar mako huɗu, sun yi ganye huɗu ko biyar, sai in dasa su da yamma bayan la'asar don kada rana ta dafa su. Takinsu busasshen kashin awaki ne wanda ya jima, don ɗanye ƙone saiwa yake yi. Irin nan ba ya tsayawa, hawa yake ta yi, sai na kafa masa sanda na ɗaure da tsumma, ina tsinke 'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye. Ruwa kuwa safe da yamma, a gindi, ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ba a zubar min da su a banza. In ka bar shi ya ji ƙishi sannan ka kwarara masa, ko dai 'ya'yan su tsage ko gindinsu ya yi baƙi. Sanyin hunturu shi ne abokinsa. Da zafin Maris ya kama sai furen ya dinga zubewa ba ɗa, ka san shekara ta ƙare ke nan.

Abokan gaba kuwa ba sa ƙirguwa. Ga akuyar maƙwabta da ta san lokacin da ake mantawa da ƙofa, ga ƙadangare da ba ya taɓa ɗanye sai wanda ka ce gobe za ka tsinka, ga farin ƙuda mai sa ganye ya nannaɗe. Shi wannan ganyen darbejiya nake jiƙawa ya kwana, in tace in yayyafa.

To, lokacin ban ruwan yamma shi ne lokacin tunanina. Yara sun tafi Islamiyya, gida ya yi tsit, ni da bokiti da moɗa. Kuma abin da ya fi yawan dawo min a wannan lokaci wasu ranaku ne guda uku da fasahar wani ɗan Adam ta kama ni ta girgiza har na rasa inda zan sa kaina. Ban da su, na sha jin waƙa mai daɗi, na sha karanta littafi mai daɗi, in yaba in wuce. Waɗannan ukun su ne ban wuce ba.

Ta farko a 1995 ne, ina 'yar aji uku a sakandare. Bikin wata 'yar ƙanwar Mama aka yi a ƙauye, aka ɗauko masu amada. Wasu tsofaffi ne su biyar, ba lasifika ba komai, sai ƙore da aka kife, ɗaya a kan ruwa a cikin masaki. Kowa ya san marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ta kai kiɗan nan duniya. Waɗannan kuwa ko kaset ba su taɓa yi ba, daga ƙauyukan kusa ba wanda ya san su. Zabiyar tasu 'yar ƙanƙanuwa ce ba ta da haƙoran gaba, har ina shirin yin dariya. Da ta buɗe baki sai tsigar jikina ta tashi. Maganar haihuwa take yi, da kishi, da ɗan da aka binne da wanda ya rayu bai waiwayo ba, tana yi tana ba'a, mata na shewa, can kuma sai ka ga mai shewar tana share ido da gefen zane. Ina waiwayawa sai na ga Inna, matar da ban taɓa ganin ta ba carbi a hannu ba, ta miƙe ta shiga fili tana takawa, hawaye na bin kumatunta.

Da dare na matsa kusa da ita na ce, "Inna, wai me ya sa ki kuka ɗazu?"

Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ke dai 'yar nan kwanta. Muryar gyatumata na ji."

Ta biyu a watan Yunin 1999 ne, ina amarya a wani gidan haya a Kurna. Rediyo ta ba da sanarwar rasuwar Alhaji Mamman Shata, aka shiga sako waƙoƙinsa ba ƙaƙƙautawa. Ni da na tashi ina jin Shata kamar yadda ake jin kukan zakara, ban taɓa zama na saurare shi ba, a ganina kayan tsofaffi da direbobi ne. Ran nan ina tsintar shinkafa aka sako Bakandamiya, kowane ɗaki a gidan tasha ɗaya aka kama, har daga gidajen maƙwabta kalangun nan ke tasowa. Sai na ji yadda mutumin yake ɗaukar magana ɗaya tak, ya jefa wa 'yan amshi, su dawo masa da ita, ya juya ta ya sake jefawa, kuma duk dawowar da za ta yi sai ta ƙara nauyi. Wallahi ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Maigida ya dawo ya tarar da ni zaune a dandaryar ƙasa, wuta ta mutu a murhu.

"Amarya lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Shata."

Ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Ashe ɗan'uwanku ne ban sani ba?"

Ta uku ita ce ta fi yi min illa. A Nuwamban 2019 muka je Zariya gaisuwa, Yayana ya ce kafin mu juyo bari ya nuna min tsohon masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Da hantsi ne ba lokacin salla ba. Daga waje ginin zamani ne, don a shekarun 1970 an yi masa sabon gini da ya lulluɓe shi, har ina cewa a raina me za a gani a nan. Muna shiga na ɗaga kai, sai kawai na nemi ginshiƙi na dafa. Ƙasa ce fa, ƙasar nan da muke takawa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya murza ta a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya tayar da ginshiƙai masu zane, daga jikinsu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa can sama. Yaya yana ta yi min bayani, wai a cikin kowane baka akwai azara, wato tsagin giginya da gara ba ta ci, an jera ta guntu-guntu kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, an ɗaure da igiya, an shafe da ƙasa. Ni dai ina jin sa sama-sama. Har muka iso Kwanar Dangora ban ce uffan ba.

Bayan nan wata uku cur ban rubuta ko layi ɗaya ba. Lokacin ina tsakiyar wani littafi, masu bi na a WhatsApp suna ta aiko saƙo, Anti lafiya, Anti ina ci gaba. In na buɗe abin da na rubuta, ga Alhaji mai kuɗi, ga dalleliyar mota, ga falo mai kujeru 'yan waje, sai in ji kamar kwanon roba aka ajiye kusa da akushi. Na fara tunanin ko in haƙura da rubutun nan gaba ɗaya in koma saƙa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don da kuɗin littattafan nan nake taimakawa a kuɗin makarantar yara.

Ana cikin haka Fabrairu ya zo, lokacin cire iri. Mama ta zo min kwana biyu, muka zauna muka zaɓi tumatir mafi kyau daga itacen da ya fi lafiya, waɗanda suka nuna har suka yi luguf, muka matse 'ya'yan a kofi. Shi irin tumatir akwai wani yauƙi da ke lulluɓe da shi, wanda ke hana shi tsira tun yana cikin uwarsa. Don haka sai an bar shi a kofin kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, har wata farar fumfuna ta taso a kai, wari kuwa ba a magana. Sannan a zuba ruwa a dama, mai kyau ya nutse, holoƙon ya taso a zubar, a shanya a inuwa, a haɗa da toka a rufe a kwalba.

Muna cikin aikin na zayyane wa Mama halin da nake ciki. Ba ta yi boko ba, littattafaina ma jikoki ke karanta mata. Ta nuna kofin da haɓa ta ce, "To ke ina saurin me kike? Ba ki ga shi ma sai ya kwana uku yana ruɓa ba kafin ya yi amfani? Abin da kika gano a Zariyar ai ya shige ki. Bar shi ya yi warinsa."

Mai karatu, maganar nan ita ta warware min ƙullin. Daɗin tumatirin Inna kwana biyu ne. Tsayuwar da na yi a ƙarƙashin bakan gizon nan ko rabin awa ba ta kai ba, kuma ko na koma sau goma ba zan sake jin abin da na ji ranar farko ba. Abin da yake saura shi ne iri, shi kuma sai ka zauna ka jure shirun da warin kafin ka tace shi. Da na koma kan takarda, littafin da na fara a kan matan wani gidan haya ne masu suyar awara da ƙosai, suna magana irin wadda mata ke yi in maza sun fita, irin ta zabiyar nan mara haƙori. Babban baƙin cikin uwar labarin ban faɗe shi ko sau ɗaya ba har littafin ya ƙare, na shafe shi da ƙasa kamar azara, amma shi ya ɗauki komai. Gaskiya bai yi kasuwa kamar na baya ba. Sai dai wata baiwar Allah ta aiko min daga Gusau, ta ce ta karanta wa mahaifiyarta, tsohuwar ta ce a tambaye ni wa ya ba ni labarinta.

Kada wani ya ɗauka ina zagin kasuwa ne. Masana sun daɗe da sa mana suna Adabin Kasuwar Kano, ni kuwa ban taɓa jin haushin sunan ba. UTC shi ke ciyar da Legas, shi ke aurar da 'ya'yan manoman Kura, ni ma shi nake saye wata tara a shekara. Littafin da zai yi tafiya mai nisa a hannun mutane da yawa dole ya yi taurin fata. Abin da nake tsoro shi ne gida ya wayi gari ba komai a bayan ɗaki sai abin da aka sayo.

Kuma na ɗanɗana wannan tsoro a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, Turawa kuma suna kiranta Tuta absoluta. Shekarar ina jinyar Mama a asibiti, sai a makare na samu na yi dashe. Tsutsar ta shiga cikin ganye tana ci daga ciki, cikin 'yan kwanaki lambun ya koma kamar an bi shi da wuta, ko ɗa ɗaya bai nuna ba. Ragowar irin da ke kwalba kuma ruwan farko na damina ya yi yoyo ta rufin kicin ya jiƙa shi ya ruɓe. Na Mama ya daɗe da ƙarewa tun da ƙafa ta hana ta sunkuyo. Na yi kuka kamar ranar da Inna ta rasu. Sai bayan Babbar Salla wata tsohuwar maƙwabciyata ta Kurna, wadda aure ya mayar Haɗeja, ta zo gaishe da Mama. Muna hira na ba ta labari, ta ce, "Haba Maman Abba, wanda kika ɗiba min a takarda da zan tashi? Ai yana nan, har maƙwabta na ba." Mako biyu bayan nan direba ya kawo min ƙullin tsumma.

Tun daga ranar na daina ganin kwalbata a matsayin ma'ajiya. Ma'ajiyar iri ita ce hannun mutane. Zabiyar nan ta ƙauyenmu ta rasu, da na tambaya aka ce ba wadda ta gaje ta, yanzu a bikin ƙauyen ma DJ ake ɗaukowa. Shata muna da shi a waya, alhamdu lillahi, amma abin da aka naɗa kamar tumatirin gwangwani ne, zai yi maka miya, ba dai ka shuka shi ba. Mai shukawa sai wanda abin ya shige shi, ya juya shi a cikinsa, ya fito da nasa ya miƙa wa na gaba.

'Yata ta biyu shekararta 17, in ka ga ta ajiye waya to caji ya ƙare. Ban taɓa tilasta mata shiga lambun ba. Bana dai ina tsinke rassa sai na ji ta a bayana tana cewa, "Umma, wai ta yaya kike gane wanda za ki cire da wanda za ki bari?" Ban nuna mata murnata ba don kada ta gudu, na dai matsa mata wuri na ce tsuguna ki gani.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana mata, wadda duk take da tsohuwa a raye ta je ta tambaye ta me take ɓoye da shi a ƙullin tsumma. Wataƙila irin kuɓewa ne, wataƙila na yakuwa ko gauta, wataƙila kuma waƙar daɓe ce ko tatsuniyar da ba kowa ya sani ba. Ki karɓa tun tana iya miƙo miki, in kin samu kuma ki ɗiba wa maƙwabciya. Mai sha'awar na Inna ta bari sai Fabrairu in Allah Ya kai mu, in ƙadangaru sun rage min.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu koma kan labarinmu.

Taku har kullum.